Kafin a biya kuɗin ƙarshe na manhaja: binciken biro ko gwajin fili?

Ƙungiyar manoman albasa, ko asusun ajiya da bashi, ko asibitin kuɗi, ko makaranta mai zaman kanta, duk wanda ya ba da kwangilar manhaja a nan Tawa yakan iso wata gaɓa mai wuya. Masu aikin, waɗanda galibinsu suna Yamai, sun kira sun ce an gama, suna jiran kason kuɗinsu na ƙarshe. Abin da ya rage a kasafi kaɗan ne. Kuma shugabannin da za su sa hannu a takardar karɓa ba za su iya karanta ko layi ɗaya daga abin da aka rubuta a cikin manhajar ba. Hanyoyi biyu ne suke gabansu. Ko dai su ɗauko wani masani da ba shi da hannu a aikin, ya zauna da takardar sharuɗɗa, wadda ma'aikatan ofisoshinmu suke kira kaye de shaj, ya bi ta sharaɗi bayan sharaɗi yana gwada manhajar a kai. Ko kuma su miƙa manhajar ga mutanen da za su riƙa aiki da ita kullum, a magaza da kasuwa da bakin garka, su zuba ido su ga abin da zai faru. Zan kira ta farko binciken biro, wato wanda ake yi a ofis, ta biyu kuma gwajin fili. Masana suna cewa a yi duka biyun, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai wanda kuɗinsa bai wuce na aikin mako biyu ba yana bukatar sanin inda zai fi ɗora nauyi.

Barry Boehm, Ba'amurken masanin ƙera manhaja da ya rasu a 2022, ya raba lamarin zuwa tambayoyi biyu tun wajajen 1980. Ta farko ita ce ko abin da ake ginawa ana gina shi daidai da yadda aka tsara, ta biyu kuma ita ce ko abin da ake ginawar shi ne wanda ya kamata a gina tun farko. Binciken biro yana amsa ta farko, gwajin fili yana amsa ta biyu, kuma amsar ɗaya ba ta isar wa ɗaya.

Mai binciken biro na ƙwarai yana yin abubuwan da babu mai amfani da manhaja da zai taɓa yi da gangan. Yana karanta rubutun manhajar kansa don ya ga inda aka yi sakaci. Yana shigar da adadi a bakin iyaka: buhu sifili, buhu ɗaya, buhu dubu ɗari, ranar 29 ga Fabrairu, daren ƙarshen shekara. Yana duba ko harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari ana lissafa shi a kan kowane kaya ne ko a kan jimla, domin hanyoyin biyu suna iya bambanta da sefa ɗaya ko biyu a kowace takarda, kuma sefa biyu a takardu dubbai kuɗi ne da wani zai amsa tambaya a kansu. Yana gwada abin da zai faru idan mutum ya rubuta 12,5 da waƙafi irin na Faransanci alhali manhajar tana jiran ɗigo. Yana katse rezo a daidai lokacin da ake aika biya, sannan ya mayar da shi, ya ga ko biyan ya shiga sau ɗaya, ko sau biyu, ko ya ɓace. Yana shiga da lambar sirrin ƙaramin ma'aikaci ya gwada ko zai iya ganin bashin kowa ko goge wani rubutu ba tare da an bar sawu ba. Yana neman a ba shi ajiyar bayanan jiya ya gwada mayar da ita a wata kwamfuta, domin ajiyar da ba a taɓa gwada mayarwa ba ba a san ko akwai ta ba. Idan kuma aikin ya yi kyau, yakan bar jerin gwaje-gwajen da kwamfuta take maimaitawa da kanta duk lokacin da aka taɓa manhajar, ta yadda gyaran yau ba zai ɓata abin da yake aiki jiya ba tare da an sani ba.

Irin kurakuran da wannan bincike yake kamawa masu shiru ne, kuma shirun shi ne haɗarinsu. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta rasa kumbonta mai suna Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars, saboda wani ɓangare na manhajar da ke ƙasa yana fitar da alƙaluman ƙarfin turawa da ma'aunin fam, ɗayan ɓangaren kuma yana ɗaukarsu a matsayin ma'aunin niyuton, wanda ya bambanta da shi da ninki kusan huɗu da rabi. Takardar sharuɗɗa ta faɗi ma'aunin da za a bi, ba a bi ba, kuma ba a kama ba. Wanda ya fi kusa da rayuwarmu shi ne abin da ya faru a Birtaniya da manhajar Horizon ta gidan waya, wadda aka fara amfani da ita a 1999. Manhajar tana nuna giɓin kuɗi a rassan da babu abin da ya ɓace, kuma tsakanin 1999 da 2015 an sami fiye da mutum 900 masu kula da ƙananan rassa da laifin sata ko maguɗin lissafi, wasu suka shiga kurkuku, wasu suka rasa gidajensu, sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakuran da suke iya haifar da giɓin. Duk wanda ya san yadda ake kallon ma'ajin ƙungiya a ƙauye idan lissafi ya ƙi cika ya san abin da nake tsoro. Mutane sun fi saurin yarda da allon kwamfuta a kan rantsuwar ɗan'uwansu, kuma mutuncin da ya zube a gaban taron mambobi ba ya dawowa ranar da aka gano kuskuren.

To, amma binciken biro yana da iyakar da ba ya iya tsallakewa: ma'auninsa takarda ce, kuma takardar mutane ne suka rubuta ta, sau da yawa a Yamai, da Faransanci, a ɗaki mai sanyi, bayan ganawa ɗaya ko biyu da shugabanni waɗanda su kansu ba su ne suke riƙe da littafin magaza ba. Idan takardar ta yi kuskure, mai binciken zai tabbatar da cewa an aiwatar da kuskuren yadda aka rubuta shi, ya sa hannu, ya karɓi kuɗinsa da halalinsa.

Na ga wannan da idona a wani bankin hatsi da ke wani ƙauye a kan hanyar Ƙwanni. Manhajar ta ci duk gwajin da aka yi mata a biro. Ranar farko da aka ba sakataren ƙungiyar waya, mata sun yi layi suna biyan bashinsu, ina tsaye bayansa ina kallon yatsunsa. Wata dattijuwa ta kwance bakin zanenta ta ce, “Ɗana, ga dala ɗari biyar.” Ya karɓa, ya ƙirga, ya danna 500. Na bari har ya yi wa mutum uku haka kafin na ce, “Malam, nawa ta ba ka?” Ya ce jika biyu da rabi. Na nuna masa allon, wanda yake nuna sefa 500, alhali abin da yake hannunsa sefa 2,500 ne. Ba rashin sani ba ne: shekara da shekaru littafinsa da dala yake rubuta shi, domin da dala mambobi suke magana, kuma a ƙarshen wata ne yake ninkawa biyar ya kai wa ofis. Takardar sharuɗɗa ta ce akwatin da ake rubuta kuɗi a allo zai karɓi adadi da sefa, an kuma yi haka daidai. Babu wanda ya rubuta cewa a nan sefa biyar ita ce dala, saboda wanda ya sani yana ganin abin ya fi ƙarfin a faɗa, wanda bai sani ba kuma bai san akwai abin tambaya ba. Gyaran bai ɗauki masu aikin yini ɗaya ba: suka sa a ƙarƙashin akwatin ya riƙa fitowa da manyan baƙaƙe cewa sefa 500 dala 100 ce, ta yadda idon sakatare zai kama bambancin kafin ya danna amincewa. Da an bari an yi wata uku a haka, da an ci gaba da bin matan nan bashin da suka riga suka biya, kuma da kuɗin da ke akwati ya saɓa da lissafi ta yadda babu mai iya warwarewa.

A wannan makon dai aka gano wasu biyu. Manhajar ba ta yarda a yi wa mamba rajista sai an sa rana da wata da shekarar haihuwa, alhali takardun dattawa da yawa shekara kawai suke nunawa, an haife shi wajajen shekara kaza. Sakataren ya sami mafita, ya riƙa sa wa kowa 1 ga Janairu, sai tsarin hana rajista sau biyu, wanda ya dogara da suna da ranar haihuwa, ya fara korar mutane daban-daban masu suna ɗaya yana cewa an riga an shigar da su. Sannan neman suna ya zama wahala, domin mutum ɗaya yana iya zama Aboubacar a katinsa, Aboubakar a tsohon littafi, Abubakar a rubutun Hausa, manhajar kuwa tana neman harafi da harafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ruwa ya sauko yake nuna wurin. Da an tambayi sakataren a ofis abin da yake bukata, babu ɗaya daga cikin ukun nan da zai faɗo masa a rai.

Wannan ya shafi har wanda ya ce shi ba zai ba da kwangila ba, zai sayi manhajar da aka riga aka gwada a Dakar ko Abijan ko Faransa. Rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse a tashinta na farko, ranar 4 ga Yuni 1996 a Kuru da ke Kudancin Amurka, kimanin sakan 40 bayan ta bar ƙasa, kuma ɓangaren manhajar da ya jawo haka an ɗauko shi ne daga Ariane 4, inda ya yi shekaru yana aiki lafiya. Sabuwar rokar tana tafiya ta wata hanya mai saurin da ya wuce na tsohuwar, sai wani adadi ya fi ƙarfin gurbin da aka tanadar masa. Shaidar cewa abu ya yi aiki a wani wuri shaida ce a kan wancan wurin, da rezonsa da wutarsa da irin takardun mutanensa.

Gwajin fili kuma yana da nasa raunin, kuma masu yabonsa ba su cika faɗa ba. Na farko, ba ya ganin abin da bai faru ba a kwanakin gwajin. Mako biyu a watan Nuwamba ba za su nuna yadda rufe lissafin shekara zai kasance ba, ba kuma za su nuna yadda waya take yin zafi ta mutu, ko allo ya ƙi ganuwa a rana, a watan Afrilu lokacin da zafi yake wuce digiri 40 kuma albasa take fitowa da yawa daga Galmi da Madawa, motoci suna jiran lodi. Ba ya ganin ƙofar da ɓarawon bayanai zai bi, domin masu gwajin mutanen kirki ne. Edsger Dijkstra, masani ɗan ƙasar Holan, ya yi gargaɗi tun wajajen 1970 cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya nuna babu shi, kuma gargaɗin ya fi kama gwajin fili fiye da binciken da ake yi da tsari.

Na biyu shi ne kunya, kuma a kanta nake ganin yawancin gwaje-gwajenmu suke lalacewa. Idan baƙi suka zo daga Yamai da mota, shugaba yana zaune, aka tambayi matashin ma'aikaci yadda ya ga manhajar, amsar da za a samu ita ce, “Ranka ya daɗe, ta yi kyau ƙwarai.” Ba ƙarya yake yi ba, ladabi yake yi, kuma yana tsoron kada a ce shi ne bai iya ba. Saboda haka tambayar ra'ayi ba gwaji ba ce. Gwaji shi ne a ba mutum aiki na gaske, a ce ga mamba ya kawo buhu uku, ɗaya bai cika ba, yana son a cire masa bashin bara, sannan a yi shiru a kalli hannunsa: inda ya tsaya, inda ya koma baya, inda ya ɗaga kai yana neman taimako, inda ya jawo tsohon littafi. Wanda ya rubuta manhajar ya halarta, amma a hana shi magana da taɓa wayar, shugaba kuma ya fi kyau ya ba da wuri. A kuma faɗa wa mai gwajin tun farko, a fili, cewa manhajar ake jarrabawa, duk inda ya kasa kuma laifinta ne. Ba a bukatar taro. Jakob Nielsen, wanda ya shahara a nazarin sauƙin amfani da manhaja, ya daɗe yana nuna cewa mutum biyar suna fito da mafi yawan matsalolin amfani, kuma zagaye uku na mutum biyar-biyar da gyara a tsakani sun fi zagaye ɗaya na mutum goma sha biyar. Abin da zan ƙara shi ne a zaɓi biyar ɗin da gaskiya: a sa wanda Faransancinsa kaɗan ne, da mace idan mata za su yi aikin, da mai tsohuwar waya, da wanda yake ƙauyen da rezo yake zuwa yana tafiya.

Na uku, gwajin fili yana buɗe ƙofar buƙatu marasa iyaka. Kowa ya taɓa manhajar sai ya tuna wani abu da yake so, masu aikin kuma suna da haƙƙin cewa wannan ba ya cikin yarjejeniya. A nan dole shugabanni su yi adalci, su raba abin da yake hana aiki tafiya, kamar maganar dala, da abin da yake sha'awa ce kawai, su kuma yarda cewa sabon aiki sabon kuɗi ne.

Ta fuskar kuɗi, bambancin ba a yawa yake ba kamar yadda yake a inda kuɗin yake zuwa. Binciken biro kuɗin ƙwararre ne, ana sanin adadinsa tun farko, ana iya yinsa daga nesa, kuma yana ƙarewa da rahoto wanda za a iya ajiye shi a gaban masu aikin, ko a gaban alƙali idan ta kai ga haka, domin kowane kuskure yana da lambar sharaɗin da ya saɓa. Gwajin fili kuɗin mota ne da mai da abinci da kiredi, tafiyar fiye da kilomita 500 daga Yamai ga masu aikin, da nauyin da yake kan ma'aikatan da za su riƙa rubutawa sau biyu, a waya da a littafi, har gwajin ya ƙare. Wannan rubutu biyun kada a yarda a yafe shi, domin kwatanta jimlar littafi da ta manhaja kowace yamma shi ne kaɗai abin da yake ba gwajin fili ido a kan lissafi. Abin da gwajin yake fitarwa kuma ba hujjar shari'a ba ce, sani ne, kuma sanin da ya zo a makare yana da tsada. Kuskuren takarda da aka gano da zanen allo a kan farar takarda, kafin a rubuta komai, gyaransa fensir ne. Wanda aka gano bayan an gama yana iya taɓa tushen ajiyar bayanai gaba ɗaya.

Ga inda na tsaya. Idan manhajar za ta shiga hannun mutane da yawa waɗanda ba su da hannu a rubuta takardar sharuɗɗa, kamar sakatarorin ƙauyuka, masu karɓar haihuwa, malaman makaranta ko masu awon hatsi, to mafi yawan abin da ya rage ya tafi ga gwajin fili, kuma a fara shi tun manhajar tana rabi, domin a irin wannan aiki takardar ce ta fi yiwuwa ta yi kuskure, manhajar da ma'aikata suka ajiye suka koma littafi kuwa asara ce gaba ɗaya komai tsabtar rubutunta. Idan kuwa aikinta lissafi ne mai ƙa'ida rubutacciya, kamar albashi, haraji, ribar asusu ko adadin magani gwargwadon nauyin jiki, kuma masu amfani da ita ƴan kaɗan ne da suka zauna aka rubuta takardar tare da su, to binciken biro ya kamata ya ci kaso mafi girma. Haka nan duk manhajar da take riƙe bayanan marasa lafiya ko bashin mutane, domin ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma gwajin fili ba zai nuna wa kowa ko an kiyaye ta ba.

Yawancin ayyukan da nake gani a jihar nan suna tsakiya ne, akwai kuɗi a ciki kuma akwai ma'aikatan ƙauye. A irin wannan ina ba da shawarar a taƙaita binciken biro a kan abubuwa huɗu kacal, wato lissafin kuɗi, abin da yake faruwa idan rezo ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, wanda yake da ikon gani da gogewa, da mayar da ajiyar bayanai, sauran kuma a bar wa fili. Binciken da aka taƙaita haka aikin kwanaki ne, kuma ana iya samun mai yinsa cikin malamai da tsofaffin ɗaliban Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa ko ta Abdu Mumuni a Yamai, muddin ba abokin cinikin masu aikin ba ne kuma ƙungiyar ce take biyansa kai tsaye.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan kuɗi sun riga sun fita. Masu ba da kwangilar gini a ƙasarmu sun saba da karɓa iri biyu, ta wucin gadi da ta ƙarshe, tare da riƙe wani kaso a matsayin jingina har wa'adi ya cika, kuma babu abin da ya hana a yi wa manhaja haka. A rubuta a yarjejeniya tun ranar farko cewa karɓar wucin gadi tana zuwa bayan rahoton mai bincike, ta ƙarshe kuma bayan manhajar ta yi aiki a wurare kaza na tsawon makonni kaza, ciki har da ranar kasuwa da rufe lissafin wata ɗaya, jimlarta tana dacewa da ta littafi. A kuma rubuta cewa takardar karɓar ƙarshe ba za ta cika ba sai da sa hannun mutum biyu daga cikin waɗanda suka riƙe wayar a lokacin gwajin, kusa da na shugaba da na ma'aji.